Yadda ƙasa da laka ke riƙe guba mai tururin nukiliya, da abin da ke sa su sake ta: jagora ga manoman tudu da fadama

Duk wanda ya taɓa yasar kududdufi da bazara ya san baƙar lakar nan ta can ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka kwaso ta ka jibge a bakin gona, bayan 'yan kwanaki sai ka ga baƙin ya washe, ta koma ruwan toka, wani wurin ma ja-ja kamar tsatsa. Ba bushewa kaɗai ta yi ba. Iska ce ta shige ta ta sauya mata hali, har wasu abubuwan da ta danƙe gam lokacin tana ƙarƙashin ruwa yanzu ta sassauta musu, ruwan shuka na farko na iya wanke su ya yi gaba da su. Yuraniyam, wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, wato wani ƙarfi da ido ba ya gani mai ratsa jiki ya yi masa illa, na cikin abubuwan da ke yin haka.

Babu tashar wutar nukiliya a Kano ko Jigawa, kuma ban rubuta wannan don in tayar wa kowa da hankali ba. Yawancin gonakinmu lafiyarsu ƙalau ta wannan fuska. Amma haƙar ma'adinai na ƙaruwa, rijiyoyin burtsatse na ƙara nutsawa cikin dutse, 'yan gwangwan na kwaso ƙarafa daga ko'ina. Wanda ya san yadda ƙasa ke kama irin wannan guba da yadda take sakinta, ba zai kwance ta da hannunsa ba.

Mataki na farko: tambayi kanka daga ina abin zai fito

A yankinmu ƙofofin huɗu ne, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Babbar ƙofa ita ce dutsen da muke zaune a kansa. Kowace ƙasa a duniya tana da ɗan yuraniyam da toriyam da Allah Ya halitta a cikinta, amma dutsen giranit, irin falalen da ake gani a Dutse, Birnin Kudu, Rano da Doguwa, ya fi yawancin duwatsu ɗauke da su. Yuraniyam kuma yana rikiɗa sannu a hankali ya haifi radiyam, radiyam ya haifi wata iska mai suna radon. A Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, akwai duwatsun da ke ɗauke da ma'adinai masu yuraniyam da toriyam. Muddin suna cikin dutse, illarsu kaɗan ce. Matsala na farawa ne idan an fasa, an niƙa, an wanke, an tara baƙin yashi mai nauyi da ya rage. Mutanen Jos sun san wannan, domin tarin yashin da wankin kuza ya bari a can yana da ma'adinin monazait mai yawan toriyam.

Ta biyu, ƙurar gwaje-gwajen bam. Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun yi ta tayar da bama-bamai a sararin sama, burɓushin ya zagaya duniya, zubarsa ta fi yawa a 1963. Faransa ma ta tayar da nata na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu, 1960, kuma a kan waɗannan gwaje-gwaje ne Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a farkon 1961. Manyan abubuwan da suka saura daga wannan ƙura su ne sisiyam-137 da sitirontiyam-90. Kowannensu yana raguwa rabi cikin kimanin shekara 30, don haka daga 1963 zuwa yau wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, kuma tun farko rabon ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu bai kai na Turai ba. Kaɗan ne ƙwarai, har masana kan yi amfani da shi kawai don auna yawan zaizayar ƙasa.

Ta uku, takin supa da kamfa. Dutsen fosfet da ake yin su da shi yana da ɗan yuraniyam. Wannan ba dalilin daina sa taki ba ne. Dalilin daina barbaɗa shi fiye da ƙa'ida ne.

Ta huɗu ita ce ƙarama, amma ta fi kowace saurin kisa: na'ura mai tururi da ta ɓace ta shiga cikin ƙarafan gwangwan. Zan dawo kanta.

Idan garinku ba ya kusa da wurin haƙa, ruwanku ba daga cikin dutse yake fitowa ba, kuma ba a tara gwangwan a unguwarku, to abin da ke biye ilimi ne kawai gare ka. Idan ɗaya daga ciki ya shafe ka, bi a hankali.

Mataki na biyu: san hannayen da ƙasa ke kamu da su

Rairayi kusan ba shi da hannu. Ƙwayarsa babba ce, sumul, abin da ya zo da ruwa sai ya wuce da ruwa. Masu riƙo uku ne: yumɓu, tsatsar da ke ba ƙasa jan launi, da ruɓaɓɓen ganye da taki. Kowace guba kuma da hannun da ya fi kama ta.

Ƙwayar yumɓu falle-falle ce, ƙanana fiye da abin da ido ke gani, kuma jikinta na jan gishirin da ke narke cikin ruwa kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura. Da haka take riƙe wa shuka fotasiyam da kalsiyam. Sai dai gurbin a ƙidaye yake, kuma riƙon na musanya ne: idan wani ya zo da yawa, sai ya ture wanda ke zaune ya maye wurinsa. Nan ne sirrin maganar duka. Sisiyam kamanninsa ɗaya da fotasiyam, sitirontiyam da radiyam kuma 'yan uwan kalsiyam ne. Yumɓu na ruɗa su, saiwar shuka na ruɗa su, jikin mutum ma haka. Shi ya sa sitirontiyam da radiyam ke tafiya ƙashi su zauna, sisiyam kuma ya bazu cikin tsoka.

Sisiyam yana da wani kamu na musamman. Ka san ɓawon nan mai ƙyalli da ake gani cikin yashin rafi, wanda ake kira maika. Idan ya tsufa ya marmashe, gefensa kan bubbuɗe kamar tsohon littafin da ruwa ya taɓa bakinsa. Sisiyam na kutsawa tsakanin waɗannan fallaye, su kuma su matse a kansa. Da ya shiga, fitarsa da wuya, kuma ƙara daɗewa ƙara nutsawa. Wannan ne ya sa bayan haɗarin tashar nukiliyar Fukushima a Japan cikin Maris 2011 aka tarar mafi yawan sisiyam ya tsaya cikin santimita 5 na saman ƙasa, duk da ruwan saman da ake yi a can. Inda kuwa babu irin wannan yumɓu, labari ya bambanta. A tsaunukan Birtaniya, inda ƙasar ruɓaɓɓiyar ciyawa ce zalla, sisiyam ɗin da ya sauka daga haɗarin tashar nukiliyar Chernobyl ta Yukiren a 1986 ya yi ta yawo daga ƙasa zuwa ciyawa zuwa tumaki, ba a gama ɗage takunkumin sayar da tumakin ba sai 2012. A tsibirin Bikini, inda Amurka ta yi gwajin bam, ƙasar ba yumɓu ba fotasiyam, sai kwakwa ta riƙa zuƙar sisiyam a madadinsa.

Ina jigawarmu a wannan lissafi? Ƙasar tudu a Gumel, Ɓaɓura, Ɗambatta ko Gezawa rairayi ce mai ƙarancin yumɓu da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye, ɗan yumɓun da ke ciki kuma galibi irin mai raunin riƙo ne. Abin da ke ɗan taimaka mata shi ne ƙurar hunturu, wadda ke sauke maika da fotasiyam kowace shekara. Fadama, da baƙar ƙasarta mai danƙo da ke tsattsagewa da rani, ta fi ta riƙo nesa ba kusa ba.

Sitirontiyam ba ya samun wancan matsi. A waje yake maƙalewa, don haka ya fi sisiyam saurin gangarawa ƙasa da saurin shiga shuka.

Yuraniyam kuwa fuska biyu gare shi. Inda iska ke shiga, yana narkewa cikin ruwa, sai dai tsatsar jar ƙasa da marmara na kama shi da kyau idan ƙasar ba ta cika tsami ba kuma ba ta cika kanwa ba. Inda ba iska, kamar cikin baƙar laka, ƙwayoyin halitta kan juya shi ya zama dunƙulen da ba ya narkewa. Radiyam na manne wa tsatsa shi ma. Toriyam kusan ba ya narkewa sam. Shi haɗarinsa ƙura ce da tururin da ke fita daga tarin yashi.

Mataki na uku: gwada ƙasarka da kwalba

Wannan gwaji ba zai gaya maka ko akwai guba ba. Zai nuna maka ƙarfin riƙon ƙasarka ne.

Samo kwalba mai haske, ka zuba busasshiyar ƙasa da ka tankaɗe zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa, ka sa ɗan garin sabulun wanki, ka girgiza sosai. Ajiye. Abin da ya kwanta cikin minti ɗaya rairayi ne, yi alama. Abin da ya hau kansa bayan awa biyu lallausar ƙura ce. Abin da ya kwanta bayan kwana ɗaya ko biyu shi ne yumɓu. Idan layin saman nan siriri ne kamar zare, ƙasarka ba ta riƙo.

Don yara da maƙwabta su gani da idonsu, ɗiga maganin nan mai ruwan shuni da ake shafa wa gyambo, wanda ake kira jibi, cikin ruwa har ya ɗan yi launi. Raba kwalba biyu, ɗaya ka zuba wankakken yashi, ɗaya lakar fadama, ka girgiza ka bari su kwanta. Ruwan yashi zai ci gaba da zama da launinsa, na laka zai washe. Launin bai ɓace ba, yana jikin lakar. Haka take yi wa sisiyam.

Mataki na huɗu: kiyayi abubuwan da ke kwance ƙulli

A nan nake so ka fi tsayawa, domin duk abubuwan da zan lissafa a hannunmu suke kullum.

Yuriya, idan ta shiga ƙasa, tana zama amoniyam, shi kuma girmansa kusan ɗaya da sisiyam, don haka yana iya shiga har bakin fallayen nan ya turo shi waje. A gonar da ke da sisiyam, yuriya mai yawa ba tare da fotasiyam ba tana ƙara abin da shuka ke sha. Amoniyam ɗin da ya rage kuma yakan zama naitiret, ya tsamama ƙasa, ya gangara cikin ruwan ƙasa, inda yake iya tayar da yuraniyam ɗin da ke kwance.

Kanwa abokiyar tafiyar yuraniyam ce. Sinadarin kabonet da ke cikinta na rungumarsa ya hana shi mannewa jikin tsatsa, su tafi tare cikin ruwa. Saboda haka rijiyar da ruwanta ke da zartsi ko ɗanɗanon kanwa, in tana yankin dutse, ita ce ta farko da ya kamata a auna. Toka ma na da kabonet.

Gishiri na ture radiyam da sitirontiyam daga gurbinsu. Fangalin da ake ba ruwa shekara da shekaru ba magudana, har farin gishiri ya fito a samansa, ƙasarsa ta rage riƙo.

Tsami na sassauta kusan komai. Ruwan da ke tsiyaya daga tarin duwatsun haƙa masu ƙibiritu yakan yi tsami, ka ga ya bar jan tabo a hanyarsa. Kada dabba ta sha, kada a ja shi zuwa lambu.

Sai wuta. Ba ta kashe tururi. Idan ka ƙone kara ko ciyawar da ta sha guba, ka tattara abin da ke cikin dami guda ne zuwa cikin tafin toka, wani kuma ya bi hayaƙi.

Na ƙarshe shi ne zaizaya, wadda mutane ke mantawa da ita. Gubar da ta kama yumɓu gam ba ta narkewa, amma yumɓun kansa na tafiya, da iska da ruwa. Shi ne mafi sauƙin ɗauka a cikin ƙasa, kuma shi ne na ƙarshen kwantawa. Inda ruwa ya tsaya, can yake taruwa.

Mataki na biyar: yi hattara da laka

Kududdufi, dam, da kwarin fadama su ne rumbun abin da tudu ya zubar. Kogin Kano na tasowa daga kudancin jihar, ya ratsa dajin Falgore ya shiga dam ɗin Tiga, daga nan ruwan ya bi magudanan Kadawa da Kura, ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil ya nufi Hadeja. Ban ce wannan ruwa gurɓatacce ne ba. Nisa da yawan ruwa na tsarma abu ƙwarai. Abin lura shi ne ƙaramin rafi ko kududdufin da ke gab da inda ake wanke tama, domin shi ke karɓar kashin farko.

Laka ba ƙa'ida ɗaya take bi ba, kuma wannan ne ke rikita mutane. Idan ruwa ya rufe ta iska ta ƙare, yuraniyam na kwantawa ya yi shiru. Amma a wannan yanayin ne tsatsa ke narkewa, radiyam ɗin da ke jikinta ya samu sararin fita. Kuma ruɓar ganye a ƙasan ruwa na tara amoniyam, wanda ke turo ɗan sisiyam, kamar yadda aka gani a madatsun ruwan Fukushima a lokacin zafi. Idan kuwa ka fito da lakar ta sha iska, tsatsa ta dawo ta kama radiyam, yuraniyam kuma ya farka. Ka ga ke nan ko ta ina aka juya, wani na kwanciya wani na tashi. Abin da ya fi tayar da su shi ne yawan jujjuyawa tsakanin jiƙa da bushewa.

A aikace: idan kududdufi na karɓar ruwan wurin haƙa, kada ka yashe shi ka kai lakar gona a matsayin taki, kada ka buga tubali da ita, kafin a auna. Idan yasa ta zama dole, a tara lakar wuri guda a kan tudu mai yumɓu, nesa da rijiya, a rufe ta da ƙasa mai tsabta, a bar ciyawa ta kama. Kuma a tare ruwan wankin tama tun daga tushe da rami biyu ko uku a jere, ya kwanta kafin ya isa rafi.

Mataki na shida: ɗauki samfuri a kai awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan lamari bai sani ba. Tururin nan ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma ruwan da ya fi kowane garau na iya fin kowane yuraniyam.

Ku haɗu ta hannun mai unguwa ko dagaci da malamin gona, domin awo na cin kuɗi, kuma sakamakon gari guda ya fi na gida ɗaya amfani. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da na'urorin irin wannan awo. A can ne ƙaramar tukunyar nukiliyar bincike ta Najeriya take tun 2004. Hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan duk abin da ke da tururi ita ce NNRA. Ku fara tuntuɓar ɗakin gwajin kafin ku ɗebi komai, su faɗa muku irin mazubin da suke so.

Ga ƙasa, ka bi gonar a karkace ka ɗiba a wurare goma ko fiye. Ware na saman, santimita 5 na farko, a leda ɗaya. Na ƙasansa har zuwa santimita 20 a wata. Gauraya kowanne, ka cire kimanin kilo ɗaya. Kada ka haɗa tudu da kwari, kada ka haɗa laka da ƙasar gona. Ɗebo kuma daga wata gona mai irin ƙasar da ke nesa da abin da kake zargi, don a samu abin kwatantawa. Rubuta wuri, zurfi da rana a jikin kowace leda.

Ga ruwa, bari famfo ya yi ta zuba na 'yan mintoci kafin ka tara. Idan radon za a auna, cika kwalbar taf ba kumfa, a kai da gaggawa, domin yana raguwa rabi cikin ƙasa da kwana huɗu. A auna sau biyu, ƙarshen rani da tsakiyar damina.

Kada ka ƙosa idan sakamakon ƙasa ya jima. Akan rufe samfurin kimanin mako huɗu kafin a auna radiyam. Ma'aunin da za ka gani a takarda shi ne bekarel, wato ma'aunin yawan tururin da abu ke fitarwa. Matsakaicin ƙasar duniya na da wajen bekarel 35 na radiyam, 30 na toriyam da 400 na fotasiyam-40 (nau'in fotasiyam mai tururi) a kowane kilo, don haka ganin lamba ba shi ne ganin haɗari ba. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyam a maikirogiram 30 cikin lita. Abin da ake tsoro a nan shi ne ƙoda.

Mataki na bakwai: idan awo ya nuna gona ta taɓu

Maganin ya danganta da wace guba ce, kuma da shawarar masana za a yi shi.

Idan sisiyam ne, ƙosar da shuka da fotasiyam. Shukar da ta ƙoshi ba ta neman ɗan kamanninsa. Da wannan manoman shinkafar Fukushima suka sauko da sisiyam a hatsinsu ƙasa da iyakar bekarel 100 a kilo da gwamnatinsu ta sa, haka kuma aka rage shi ƙwarai a kwakwar Bikini. Rage yuriya, ka raba ta kashi-kashi. Idan sitirontiyam ne ko radiyam kuma ƙasar mai tsami ce, garin farar ƙasa na noma ke taimakawa, saboda kalsiyam. Amma in yuraniyam ne matsalar, kada ka labta farar ƙasa ko toka, don za ka buɗe masa hanyar rijiya.

Idan zubar sabuwa ce kuma wurin ƙarami, kankare saman ya fi komai, kafin a yi huɗa. Da garma ta shiga, abin da ke cikin santimita 5 ya gauraye da 20, ƙasar da za a kwashe ta ninka huɗu. Mun ga irin wannan aiki a Zamfara bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400: ba guba mai tururi ba ce, amma hanyarta ɗaya, niƙa tama a tsakar gida, maganinta kuma kwashe saman ƙasa a zuba sabuwa. A yayyafa ruwa kafin a kankare, a rufe hanci. Binne saman ƙasa da huɗa mai zurfi, wadda aka yi a gonakin Yukiren da Belarus bayan haɗarin Chernobyl, ta fi dacewa da ƙasa mai yumɓu; a jigawa mai rijiya kusa ban ba da shawararta ba.

Zaɓi abin shuka. Ganye irin alayyafo, rama da latas, da wake da harawarsa, sun fi ƙwayar gero, dawa da masara ɗaukar sitirontiyam. A hatsin ma dusa ta fi tsaba, don haka surfe na ragewa, sai dai kada a juya a ba saniyar tatsa dusar. Mai kusan ba ya ɗaukar sisiyam da sitirontiyam: man gyaɗa ya fi ƙuli-ƙuli tsira, man shanu ya fi nono. Yuraniyam da toriyam kuwa ba su cika bin saiwa ba. Ƙasar da ta manne a jikin ganye, karas ko dankali ce ke kai su ciki. A wanke sosai, a fere. Dabbobi na haɗiyar ƙasa da yawa idan ciyawa ta ƙare da rani, yara masu rarrafe ma haka, da masu cikin da ke kwaɗayin cin ƙasa. Su za a fara nisantarwa.

Mataki na takwas: ruwan sha

Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma korar radon, amma yuraniyam da radiyam na nan, har ƙaruwa suke yi idan ruwan ya ƙone. Alif na kwantar da abin da ke manne da laka da wani ɓangare na yuraniyam, ba duka ba. Gurɓin da ya kwanta a ƙasan randa a zubar da shi rami, ba a tsakar gida ba. Na'urar tacewa mai matsa ruwa ta cikin tantani, irin ta masu sana'ar ruwan leda, na cire mafi yawansa. Mafi sauƙi a ƙauye shi ne a auna rijiyoyin gari duka, a ware mai kyau don sha da girki, a shafa wa ɗayar fenti a bar ta don wanki. Rijiya biyu da ke kallon juna na iya bambanta ƙwarai, idan ba tsagar dutse ɗaya suke sha ba.

Mataki na tara: yashin haƙa da ƙarfen gwangwan

Baƙin yashin da ya rage bayan wanke kuza yana da kyau a ido, ga laushi ga arha. Kada ya shiga bulo, yaɓe ko daɓen ɗaki. Mutum na kwana awa bakwai ko takwas a ɗaki, tururin na ratsa shi, iskar radon da 'yar uwarta ta toriyam na taruwa idan an rufe taga da hunturu. Radon shi ne na biyu bayan taba wajen jawo kansar huhu. Kada a ajiye buhunan tama a ɗakin kwana ko kusa da rumbu, kada a niƙa ta da injin hatsi, kuma mai haƙa ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa.

Ga 'yan uwana masu sana'ar gwangwan, ga abin da ya faru a Goiyaniya ta ƙasar Burazil cikin Satumba 1987. Mutum biyu sun ɗauko wata na'ura daga wani asibitin cutar daji da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Cikinta akwai wani gari mai shuɗin haske da dare. Ya burge mutane, aka rarraba wa dangi. Sisiyam-137 ne, mai narkewa kamar gishiri. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu da yarinya 'yar shekara shida, an tarar da gubar a jikin kusan 250, an auna mutum 112,000, an rushe gidaje, an kankare ƙasar tsakar gidaje, sharar ta kai mita kubik 3,500. Garin da ya jawo wannan duka bai kai giram 100 ba.

Irin waɗannan na'urori na hannun asibitoci, kamfanonin gina hanya da masu haƙar mai. Alamarsu fuka-fuki uku kamar na fanka, a kan rawaya, amma fenti na iya gogewa. Ka yi zargin duk ƙaramin ƙarfen da nauyinsa ya wuce girmansa, mai rufaffiyar ƙofa ko makulli. Kada ka fasa, kada ka sa aljihu, kada ka jefa rijiya ko kududdufi, kada ka binne a ɓoye. Matsa baya: duk ninkin nisa na rage tururin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kewaye wurin da ƙaya, ka sanar da dagaci da 'yan sanda su kira NNRA. Idan ya riga ya fashe, kada a share, kada a watsa ruwa. A rufe da leda don iska da ruwan sama, wanda ya taɓa ya tuɓe kayansa a ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu ba tare da dirza ba. Wanda ya fara amai, ko fatarsa ta yi kamar ƙuna ba wuta, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita ƙarfen da ya taɓa da ranar da ya taɓa shi.